Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Madam Judith ta Kakuri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma sallamawa ga abin da ya riga ya auku, Madam Judith Kazah ta layin bayan masaƙa, Kakuri, take sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar kwamfutarta, wadda duk unguwa ta sani da suna Gwaggo. Marigayiyar ta cika ranar Alhamis ɗin da ta gabata, da rana tsaka, a kan teburin wani asibiti a Narayi, bayan doguwar jinya. Ta cika ne a gaban mutum uku da suka ci arzikinta. Biyu daga cikinsu suna tsaka da musu, ba su ma san ta tafi ba.

Babu wanda ya san shekarun marigayiyar. A ƙasar Turawa aka haife ta, ta yi wa wani ofis bauta har suka ga ta tsufa, sannan ta biyo jirgin ruwa ta sauka Legas a ƙarshen zamanin soja. A lokacin nan ne masaƙa ta rage ma'aikata, raguwar ta haɗa da Madam Judith, wadda ta daɗe tana buga tafireta a ofishin ma'aikata. Mijinta ya so ta sayi injin markaɗe da abin sallamarta. Ita kuwa ta hau motar Legas, ta dawo rungume da kwali. Ta kama ɗaki ɗaya a saman wani kantin magani, ta sa labule, ta ajiye kwamfutar a kan teburi, tana rufe ta da sabon zani duk yamma.

Sunan Gwaggo daga halinta ya samo asali. In an tashe ta da safe ba ta tashi da garaje. Sai ta yi dogon nishi, hmmmm, ta gyara murya, ƙirrr, ƙit-ƙit-ƙit, ta ɗan yi shiru kamar mai tuna inda ta ajiye carbi, sannan ta ce tiit, sau ɗaya, ta buɗe ido. Wanda bai iya jira ba sai ya koya.

Mai haƙuri ce, mai riƙon amana. Ta buga katin biki da na suna, ta buga takardun neman aiki na rabin mutanen da aka sallama tare da uwar ɗakinta. Wasiƙun soyayya sun bi ta cikinta, haka ma takardun korar 'yan haya, ba a taɓa jin wata magana ta fita ba. Da aka buɗe siyasa, 'yan takara suka yi ta hawa benen nan, ta buga wa kowace jam'iyya fosta, ta gyara wa kowa fuska, ba ta tambayi kowa garinsu ba.

Ajalinta ya biyo ta hanyar alheri ne. Bayan soja sun koma bariki, kowa a gari yana maganar sabon zamani, sai Dokta Mamman, mai wani asibiti a Narayi, ya ce shi ma ya gaji da ɓatan katin marasa lafiya. Mace za ta zo da ciki, a yi ta tonon kwali ana neman katinta har ta gaji ta koma gida. Yana so a rubuta masa manhaja, wato shirin da zai sa kwamfuta ta riƙe sunan kowane majinyaci da ciwonsa da maganin da aka ba shi. Madam Judith ba ta iya rubuta manhaja ba, amma tana da mutum biyu da suka iya. Ɗaya Sylvanus, ƙanin mijinta. Ɗayan Nuhu Ɗan'azumi na Makera, wanda a hannunsa ta fara koyon kwamfuta a masaƙa, lokacin hutun cin abinci, bai taɓa karɓar komai ba. Su biyun abokai ne tun suna makarantar fasaha, babur ɗaya suke hawa. Da yake shagonta ne mai rajista da hukuma, ita ta sa hannu a yarjejeniyar.

Suka raba aiki. Sylvanus ya ɗauki ɓangaren karɓar majinyata da yi musu rajista, Nuhu ya ɗauki ɓangaren gwaji da ba da magani, da niyyar in kowa ya gama a haɗa. Madam Judith tana so a rubuta a nan cewa waɗannan makonni na farko su ne mafi daɗi a rayuwar marigayiyar. Kujera biyu a gabanta, ledar ƙosai ɗaya a tsakani, wannan ya danna wancan ya gyara, suna dariya har mai kantin ƙasa ya riƙa buga silin da tsintsiya.

Ciwon ya fara ne ranar da Dokta ya leƙo ba sanarwa. Nuhu ya sauka sallar azahar. Sylvanus ya yi ta nuna wa Dokta aiki yana cewa na yi kaza, na haɗa kaza. Nuhu ya dawo da ruwan alwala a gemunsa, Dokta ya dube shi ya ce, "Injiniya, wannan ne yaron da yake taimaka maka?"

Sylvanus ya yi dariya. Dariya kawai ya yi, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Madam Judith ta buɗe baki za ta gyara, Dokta ya riga ya kama hanyar matakala.

Nuhu ya ƙulle abin a ransa. Sai da Dokta ya sake zuwa, Sylvanus yana nuna masa yadda ake rajista, sannan Nuhu ya matso a hankali ya ce, "Ranka ya daɗe, a gwada sunan Sa'adatu mana." Aka buga. Ashe ɗan waƙafin nan na tsakiyar sunan ɓangaren Sylvanus ba ya iya haɗiye shi. Fuskar Gwaggo ta cika da rubutun da ba mai ganewa, komai ya tsaya cik.

"Ai tun tuni na ga matsalar," in ji Nuhu. "Jira nake Injiniya ya gano da kansa."

Daga ranar ba su ƙara yi wa juna magana ba. Sylvanus ya ce shi da safe zai riƙa zuwa. Nuhu ya ce bayan azahar ta ishe shi. Kujera ɗaya ta koma jikin bango. In sun haɗu a matakala, kowa ya manne da nasa gefen. Duk abin da ɗaya zai gaya wa ɗaya, sai ya bi ta bakin Madam Judith.

Da safe Sylvanus zai ce, "Anti, ki gaya wa mutumin nan kada ya ƙara sa hannu a wajen rajista. In ya iya, ya gyara nasa shirmen."

Da rana sai ta ce, "Malam Nuhu, ɗan'uwanka yana gaishe ka. Ya ce don Allah a ɗan bar masa wajen rajista, yana kan gyara."

"Madam, ba haka ya faɗa ba. Na san bakinsa. Ki ce masa ni ba na taɓa abin da ya riga ya lalace."

Haka take wanke magana safe da yamma, ta kai wa wannan, ta dawo wa wancan, babu wanda ya taɓa yarda da wankin. Abubuwan da ya kamata su zauna su daidaita, kamar yadda za a rubuta suna da yadda za a rubuta ranar haihuwa, duk suka maƙale a hanya, domin ita ba ta san su ne manya ba, su kuma ba wanda zai fara tambaya. Kowa ya yi ta gina nasa rabin yadda ya ga dama. Wanda ya zo ya tarar an taɓa masa wani abu sai ya mayar, ya ajiye sabon kwafi da sabon suna. Aka yi Ƙarshe, aka yi Ƙarshe Na Biyu, aka yi Na Gaske, aka yi Kar A Taɓa. Cikin Gwaggo ya yi ta cika, nishinta na safe ya yi ta tsawo. Daga baya kowannensu ya kulle nasa ɓangaren da kalmar sirri. Madam Judith ta wayi gari a cikin kwamfutar da ta saya da guminta akwai ɗakuna biyu da ba ta da ikon shiga.

Masu cewa me ya hana ta kori ɗaya, ga amsarsu. In ta kori Sylvanus, da wace fuska za ta shiga gida? Mijinta tun kafin ta gama bayani yake cewa, "Yaron nan dai ƙanina ne." Surukarta ta tare ta a bakin coci ta ce ta ji ana fifita bare. In ta kori Nuhu, ta kori mutumin da ya ɗora hannunta a kan sana'ar da take ci, kuma ya tafi da rabin aikin a kansa. Mahaifiyarsa ma ta aiko mata da dambun nama daga Makera, da saƙon cewa ta riƙe mata amanar ɗanta. In ta ce a fasa, hannunta ne a takarda, direban Dokta kuma ya san hanyar gidanta. In ta ce ta ƙarasa da kanta, ba ta iya ba. Ko nata aikin na buga takardu ya mutu, don safiya ta Sylvanus ce, rana ta Nuhu ce, masu katin biki suka koma wani shago a Nasarawa. Sai ta samu ɗan benci ta ajiye a bakin ƙofa, tana zaune tana kallon ƙeyar wanda yake kan aiki.

Madam Judith tana roƙon masu zuwa ta'aziyya su bar maganar da ake yawo da ita a tashar mota, cewa wai addini ne ya raba su. Gari yana da nasa zafin a kwanakin nan, kada a ƙara masa da wannan. Da addini ne da ya zo da sauƙi. Ta ma gwada ta wannan hanyar. Ta gayyato wani dattijon cocinsu da limamin layin su Nuhu, suka hau benen da kyar, suka zauna, aka kawo lemo. Liman ya ce, "To, Nuhu, me ya yi maka?"

"Ya canza min sunan fayil, Malam."

Dattijon ya juya wajen Sylvanus. "Kai fa, ɗana?"

"Baba, ya san akwai matsala ya ɓoye, sai gaban mutane."

Babu wanda ya ambaci dariyar nan. Dattawan suka dubi juna, suka yi nasiha mai kyau a kan zumunci, aka sa su suka yi musabaha da yatsu uku. Da za su sauka, liman ya tsaya ya ce wa Madam Judith a hankali, "'Yata, ni ban gane abin da suke faɗa a kai ba. Amma ke ce abin tausayi." Washegari Sylvanus ya zo da safe, Nuhu ya zo da rana.

A cikin wannan hali jinyar ƙarshe ta kama marigayiyar. 'Yar fankar da take sanyaya mata ciki ta fara kuka, gwarrr, gwarrr, ta tsaya, ta sake kamawa. Madam Judith ta kira Oga Sunday mai gyara, ya saurara ya ce sai ya tafi da ita shagonsa ta wuni. Sylvanus ya ce a ɗauke ta da rana, safiya tasa ce. Nuhu ya ce a ɗauke ta da safe. Ba a ɗauke ta ba. Madam Judith ta kwance murfin gefe, ta kawo fankar teburi daga gida ta saita ta a kan cikin Gwaggo. Ta kuma sayo kwalin ƙananan fayafai don a kwafe aikin a ajiye, ko da wani abu zai faru. Sylvanus ya ce ajiya tun farko aikin Nuhu ne. Nuhu ya ce shi ba zai adana abin da ba a gama gyarawa ba, a tambayi Injiniya. Kwalin yana nan a kan taga, ko ledarsa ba a ɓare ba.

Ranar Alhamis ɗin ita ce ranar da Dokta ya sa don a nuna wa ma'aikatansa aikin. Har sabon kansila ya gayyato, don ya ga ci gaba da idonsa. Madam Judith ta naɗe Gwaggo a zani ta ɗora ta a cinya a bayan tasi, tana tallafe ta a kowane rami. Sylvanus ya zauna a gaba. Nuhu ya biyo su a kan acaɓa. A ɗakin taron asibitin aka jona ta, ta yi nishi mai tsawon da har kansila ya duba agogo, sannan ta ce tiit. A nan ne, a gaban jama'a, aka fara haɗa rabin Sylvanus da rabin Nuhu, abin da ba a taɓa gwadawa ba ko sau ɗaya.

Sista Larai, shugabar masu jinya, ta ce a gwada da jaririn da aka haifa a makon nan. Sylvanus ya yi masa rajista, komai ya shiga lafiya. Nuhu ya kira sunan a ɓangaren magani. Ashe Sylvanus lamba biyu ta ƙarshe yake rubutawa a shekara, Nuhu kuwa huɗu yake jira. Sai Gwaggo, da gaskiyarta, ta lissafa abin da aka ba ta, ta nuna cewa jaririn yana da shekara dubu da ɗari tara.

"Kai," in ji kansila, "wannan ai sai mu je mu gaishe shi."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Dokta bai yi ba. A lokacin ne, bayan tsawon watanni, abokan nan biyu suka yi wa juna magana baki da baki.

"Wane mahaukaci ne yake rubuta shekara da lamba biyu, ana shirin shiga dubu biyu?"

"Da ka tambaya ai da an gaya maka!"

"In tambayi wa? Ni da nake yaronka?"

"Dariya fa kawai na yi, Nuhu! Dariya!"

Suna wannan, kowa yana jan allon madannai zuwa gabansa, Madam Judith kaɗai ta ji. Fankar ta yi shiru. A madadinta wani sauti ya taso daga can ciki, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar da ba za a buɗe ba. Ta ce, "Ku saurara." Ba wanda ya ji ta. Ta ɗora hannu a jikin Gwaggo, zafi ya sa ta janye. Ta sake cewa, "Don Allah ku saurara." Fuskar Gwaggo ta yi shuɗi, ta yi baƙi. Ƙwas ɗin ya ƙara sau biyu, ya tsaya. Su kuwa sai da suka ƙara kai ruwa rana kafin Sista Larai ta ce, "Malamai, abin naku fa ya mutu."

Oga Sunday ya zo da la'asar, ya buɗe, ya shinshina, ya kara kunne. Ya ce faifan cikinta ya tafi, duk abin da yake kai ya tafi da shi. Sannan ya goge hannu ya ce, "Ba komai, Madam. Ina kwafin da kuka ajiye?" Sylvanus ya dubi Nuhu. Nuhu ya dubi Sylvanus. Madam Judith ta ɗauki zanin ta lulluɓe marigayiyar har fuska.

Marigayiyar ta rasu ta bar na'urar buga takarda guda ɗaya, wadda tun ranar ba ta ce uffan ba. Ta bar allon madannai da haruffansa suka goge, da fankar teburi da ta yi jinyarta tsakani da Allah. Ta tafi da 'ya'yanta a ciki, su Ƙarshe da Na Gaske da Kar A Taɓa da ƙannensu masu yawa, babu wanda ya rayu har ya yi wa majinyaci ɗaya amfani. A asibitin Narayi har yau ana tonon kwali, mata masu ciki suna jira a benci. Ta kuma bar uwar ɗakinta, Madam Judith, wadda a ranar, ko da take kuka a bayan tasi, ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta, don ta ɗauka ai shi ke nan, an gama.

Ba a gama ba. Ranar Asabar direban Dokta ya hau benen da ƙaton kwali a kai. Sabuwar kwamfuta ce fil, aro, da saƙon cewa yarjejeniya tana nan, a fara daga farko. Sylvanus ya ce nasa rabin duk yana kansa, zai sake rubutawa in dai shi kaɗai ne. Nuhu ya faɗi haka shi ma, kusan kalma da kalma. Madam Judith ta tafi Narayi da kanta ta roƙi Dokta ya sawwaƙe mata. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Madam, ni ban san Sylvanus ba, ban san Nuhu ba. Ke na sani."

Ga tsarin jana'iza. Gawar tana kwance a shagon, a saman kantin magani, ga mai son yi mata kallon ƙarshe. Ranar Litinin da hantsi za a sauko da ita a kai ta shagon Oga Sunday da ke Nasarawa, inda za a cire abin da yake da sauran amfani a raba wa mabuƙata, sauran a ajiye a bayan shago tare da magabatanta. An so Sylvanus da Nuhu su ɗauke ta tare, amma ba a daidaita kan wanda zai kama gaba ba, don haka an yi magana da mai baro. Za a karɓi gaisuwa kashi biyu. Dangi da abokan Sylvanus su zo da safe, na Nuhu su zo bayan azahar. Madam Judith za ta zauna a duka biyun.

Ba a buƙatar furanni ko gudummawa. Kada kuma a wahalar da kai wajen yi wa marigayiyar addu'a, ita ta huta. Mai addu'a ya yi wa baƙuwar da take cikin kwali a bayan ƙofa, wadda ba ta san inda aka kawo ta ba. Ranar Talata za a buɗe ta, in Allah ya kai mu. Har zuwa lokacin buga wannan sanarwa, ba a tsayar da ko da safe za a buɗe ko da rana ba.